Rikicewar Al'ada da Sinadaran Homon: Asibiti, Maganin Gida, Ƙwayoyin Intanet ko Gyaran Rayuwa?

Al'ada ta rikice. Wata biyu, wata uku ba a gani ba, in ta zo kuma ta ƙi ɗaukewa. Ƙiba na ƙaruwa, ƙuraje sun cika fuska, gashi ya fara tsirowa a haɓa, ga shekara biyu da aure ko ɓatan wata babu. Inna ta ce a karɓo jiƙo wurin mai magani, ƙawa ta turo lambar mai sayar da ƙwayoyin "daidaita homon" a WhatsApp, maigida ya ce a tafi asibiti, maƙwabciya ta ce a rage shinkafa kawai. 'Yar uwa, in ke ce a tsakiyar waɗannan shawarwari huɗu, ga awon kowace ɗaya.

Homon saƙo ne da wasu sassan jiki ke zubawa cikin jini don su umarci wasu sassan. Barci, abinci, damuwa, magungunan da ake sha, har man shafawa, duk suna taɓa shi. Shi ya sa masu cewa a dubi mutum gaba ɗayansa suke da gaskiya. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauka wannan duban wani abu ne da ake saye a kwalba.

Alama ɗaya, cututtuka daban-daban

Kafin a yi maganar zaɓi, sai a san cewa rikicewar al'ada alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta ba su da magani ɗaya.

Wanda ya fi yawa shi ne abin da likitoci ke kira PCOS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana samun kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba a taɓa gano musu shi ba. Ana tabbatar da shi idan an sami biyu cikin uku: ƙwai ba ya fita a kan kari, alamun yawan homon na maza kamar gashin haɓa da ƙuraje, da ganin ƙananan ƙullutai masu yawa a ma'ajiyar ƙwai ta hoton ciki. Sau da yawa tushensa jiki ne ya daina jin insulin, homon ɗin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, alamar hakan ce.

Sai tayirod, wato halittar da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa. In ta yi rauni, mace za ta riƙa jin kasala, bushewar fata, taurin bayan gida, da jin sanyi ko a zafin watan Afrilu na Sakkwato. In ta yi ƙarfi fiye da kima, sai rama, bugun zuciya, rawar hannu da yawan zufa. Akwai kuma hauhawar furolaktin, homon ɗin ruwan nono, inda nono ke ɗiga alhali ba a shayarwa. Akwai matar da ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, ƙarfi ya tafi. Wannan rauni ne a halittar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai jagorantar sauran homon, kuma yana iya kisa in ba a gano ba. Na ƙarshe shi ne wanda muke jawo wa kanmu: ƙwayoyin ƙiba irin su "sha ka fashe" masu ɗauke da dexamethasone, da man bilicin mai clobetasol. Dukansu sitiroyid ne, wato magani mai kwaikwayon wani homon da jiki ke yi da kansa, suna kumbura fuska, su tsattsaga fatar ciki, su tada sukari da hawan jini, su rikita al'ada.

Ma'aunan da za a yi awo da su

Na farko kuma mafi nauyi: shin hanyar za ta faɗa miki sunan abin da ke damunki? Na biyu kuɗi, amma na wata shida a haɗe, ba na ranar farko ba. Na uku ɗorewa, wato me zai faru ranar da aka daina. Na huɗu sauƙi ga mace mai gida da yara, wadda fitarta sai da izini da kuɗin keke. Na biyar haɗari, musamman ga mai neman ciki, domin mai rikitacciyar al'ada na iya ɗaukar ciki na makonni ba ta sani ba. Na shida, shin ana tambayarki abincinki, barcinki da abin da ke cin ranki?

Asibiti da gwajin jini

A ma'auni na farko babu na biyunsa. A cikin Sakkwato akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Amma ribar zuwa tana ga shirin da aka yi tun daga gida.

Ki fara da rubuta kwanakin al'adarki na wata uku zuwa shida: ranar zuwa, ranar ɗaukewa, yawan audugar da kike canjawa. Dama kina ƙirga kwanakin nan saboda salla da azumi, rubutawa kawai ya rage. Tazarar kwana 21 zuwa 35 daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba ita ce daidai. Ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a leda ki tafi da shi, har jiƙo da man fuska. Kada kunya ta sa ki ɓoye ko ɗaya.

Gwajin ciki ake fara yi. Daga nan TSH na tayirod, furolaktin, sukari kafin karin kumallo, yawan jini, da hoton ciki. Lokaci na da muhimmanci, kuma a nan kuɗin mutane da yawa ke salwanta: FSH da LH, homon ɗin da ke sarrafa fitar ƙwai, ana ɗaukarsu ne rana ta 2 zuwa ta 5 da fara al'ada, shi kuwa gwajin da ke nuna ko ƙwai ya fita ana yin sa kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran al'ada ta gaba. In an yi su ba a ranarsu ba, takarda ce kawai aka saya. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ta sanar da likita, don gwajin HbA1c na sukari ba ya ba da sakamakon dogaro a jikinta. In maganar haihuwa ce, maigida ma ya yi gwajin maniyyi bayan ƙauracewa ta kwana 2 zuwa 7. Gwaji ne mai arha, kuma sau da yawa matsalar tana wajensa ko wajen su biyun. Rashin adalci ne a bar mace ita kaɗai tana shan ɗaci shekara da shekaru.

Magungunan kuwa kowane da ƙa'idarsa. Metformin, maganin sukari da ake ba mai PCOS, ana fara shi da 500 mg tare da abinci, a riƙa ƙarawa a hankali. Masu farawa da adadi mai yawa lokaci guda su ne zawo da tashin zuciya ke sa su watsar. Levothyroxine, maganin tayirod da ta yi rauni, ana shan sa ne da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a nesanta shi da maganin ƙarin jini da awa huɗu, a sake gwada TSH bayan mako 6 zuwa 8. A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, domin zafin da ke haura digiri 40 a bazara na rage masa ƙarfi. Don fitar da ƙwai, letrozole ne yanzu ake gabatarwa ga mai PCOS. Sayen clomiphene, shi ma na fitar da ƙwai, a kyamis ana ta sha wata bayan wata ba tare da hoton ciki ba ganganci ne, yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, kuma ba a so ya wuce zagaye shida. Ƙwayar tsarin iyali mai homon biyu na daidaita al'ada ta rage gashi da ƙuraje ga wadda ba ta neman ciki yanzu, sai dai ba ta dace da mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido ba.

Kuɗin asibiti a farko ya fi nauyi, domin kowane gwajin homon da farashinsa. Ki tambayi likita wanne ne dole yanzu, wanne zai iya jira. Bayan an gano cutar, metformin da levothyroxine ba su da tsada; cabergoline na furolaktin ya fi su. Mai rajistar inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha, SOCHEMA, ta tambayi abin da katinta ya ɗauke. Rauninsa kuwa sananne ne a ko'ina: layi mai tsawo, ganawa ta 'yan mintuna, kuma ba kowane likita ne zai sami sukunin tambayar abincinki da damuwarki ba. Ke za ki ɗago maganar.

Maganin gargajiya da na Musulunci

A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, ba wanda zai ce a raina wannan fanni. Kuma a ma'auni na shida yakan fi asibiti: ana zama a saurare ki, a yi miki addu'a, ki fito zuciya ta yi sanyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma dole a raba shi gida biyu.

Gida na farko shi ne abubuwan da aka sani da suna, aka saba ci: habbatus sauda, hulba, kirfa, citta, zogale. A gwargwadon abin da ake sa wa abinci, misalin ƙaramin cokali a rana, haɗarinsu kaɗan ne. Hulba na ɗan sauke sukari, saboda haka mai shan maganin ciwon sukari ta lura kada ya faɗi da yawa, mai ciki kuma ta bar shan ta a matsayin magani. Kirfa mai yawa kullum na wahalar da hanta. Zuma da dabino, duk da albarkarsu, sukari ne a jikin mai PCOS. Haka tsimi da gumba, waɗanda Sakkwato ta yi suna a kansu: galibi zuma, rake, dabino da mazarƙwaila ne ginshiƙinsu, kuma shan su kullum na rusa duk ƙoƙarin da ake yi na sauke ƙiba.

Gida na biyu shi ne ƙulli da jiƙon da ba a faɗa miki abin da ke ciki ba. A nan haɗarin yake. Ba a san adadin da ke cikin kofi ɗaya ba, jarkar yau daban da ta gobe. Jiƙon "wankin mahaifa" da ake bayarwa don al'ada ta sauko na iya zubar da cikin da aka shekara ana roƙo. Abin matsi da ake cusawa na ƙone fata ya bar tabo da sanyi mai hawa sama ya toshe hanyar ƙwai. Wasu marasa tsoron Allah kuma na niƙa ƙwayar sitiroyid cikin gari. Alamarsa, cikin mako biyu ci ya buɗe, kumatu sun ciko, ciwon gaɓoɓi ya ɓace kamar an cire ƙaya. Wadda ta daɗe tana shan sitiroyid, ko ta wace hanya, kada ta yanke shi rana ɗaya. Jiki ya riga ya daina yin nasa, sai likita ya janye shi sannu a hankali.

Ƙaho bai dace da mai zubar jini da yawa ba, tunda dama jininta ya yi ƙasa, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita na yaɗa ciwon hanta. Ruƙiya da addu'a kuwa ba sa karo da kowane magani. Matsalar ita ce a danganta jinin da ya ƙi tsayawa ga iska kawai, a shekara ba a duba mahaifa ba, alhali ƙari ne ke girma a ciki.

Kuɗin maganin gargajiya kaɗan-kaɗan ne, shi ya sa ba a jin zafinsa, amma in aka tara na shekara yakan wuce kuɗin gwaje-gwajen da aka guje wa.

Ƙwayoyin intanet da na 'yan talla

A nan ba sai an daɗe ba. Su ne mafi tsada, domin kwalba ɗaya ta wata ɗaya ce, kuma akan ce sai an haɗa uku ko huɗu. Mai sayarwa ribarta na cikin yawan abin da kika saya, ba ta da hanyar sanin ko tayirod ne ko furolaktin. Na'urar nan da ake ba mutum ya riƙe a hannu, kwamfuta ta zayyano cututtukansa cikin minti biyu, ba ta auna homon. Galibi sai an ɗebi jini ake auna shi.

Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L a kan maganin ganye na nufin an duba cewa ba ya cutarwa nan take. Ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Cikin kayan da ake tallatawa, inositol ne ke da ɗan bincike a kan PCOS, shi ma hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba. Biotin na gyaran gashi yana ɓata sakamakon gwajin tayirod, a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin ɗibar jini. Ashwagandha na iya tada tayirod, kuma an sami waɗanda ya taɓa wa hanta. Abin da mai neman ciki ke buƙata da gaske shi ne folic acid, 400 mcg kullum tun kafin cikin ya shiga, kuma yana cikin mafi arhar magunguna a kyamis.

Gyaran ci, motsi da barci

Wannan ne mafi arha, mafi ɗorewa, kuma mafi wuyar riƙewa. Ga mai PCOS da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan dawo da fitar ƙwai. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan, cikin wata shida, ba cikin mako biyu ba. Ki auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Abin da ya haura santimita 80 yana son gyara.

Ba sai an sayi abincin Turawa ba. A raba kwano: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale, rama, tafasa ko miyar yakuwa, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama, kwata tuwo. Tuwon dawa ko na gero ya fi na farar shinkafa jinkirin tada sukari. Fura da nono abinci ne mai kyau in ba a zuba sukari ba kuma aka sha da kofi, ba da ƙwarya ba. Babbar ɓarnar tana cikin abin sha: robar lemo ta rabin lita na ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali goma, zoɓo da kunun aya na sayarwa ma ba su da nisa da hakan. A yi girki da gishiri mai aidin, a rufe shi, kada a bar shi a rana.

Motsi minti 150 a mako ake so, wato minti 30 sau biyar. Zafin garin nan ba zai bari a yi shi da rana ba, sai bayan asuba ko bayan isha'i. Wadda ba ta fita, zagayen tsakar gida da sauri na minti goma bayan kowane abinci ya wadatar, daka da shara ma suna cikin lissafi. Barci ya kai awa bakwai, a ajiye waya. Azumin Litinin da Alhamis na taimakawa in ba a rama da soye-soye wurin buɗa baki ba. Mai shan magani ta tambayi likita yadda za ta tsara sa'o'insa.

Sai damuwa. Gorin haihuwa daga dangin miji, fargabar kishiya, kunyar gashin fuska, duk suna hana barci su ƙara rikita jiki, kuma ciwon damuwa ya fi yawa ga masu PCOS. Wadda ta kai ga kuka kullum ko ta daina jin daɗin komai ta faɗa wa likita, wannan ma ana maganinsa. Maigida, tsayawarka a bayanta gaban 'yan uwanka wani sashe ne na jinyar.

Iyakar gyaran rayuwa: ba zai tada tayirod da ta yi rauni ba, ba zai sauke furolaktin da ƙari ke zubarwa ba, ba zai buɗe hanyar ƙwai da ta toshe ba. Siririya mai PCOS ba ta buƙatar rama, yunwa mai tsanani ma da kanta tana ɗauke al'ada.

| Ma'auni | Asibiti | Gargajiya | Ƙwayoyin talla | Gyaran rayuwa |
|---|---|---|---|---|
| Gano cuta | Yana yi | Ba ya yi | Ba sa yi | Ba ya yi |
| Kuɗin wata shida | Nauyi a farko, sauƙi daga baya | Kaɗan-kaɗan, yana taruwa | Mafi tsada | Kusan babu |
| Ɗorewa | Wasu na watanni, wasu na har abada | Sai ana sha | Sai ana saye | Muddin an riƙe |
| Sauƙi | Layi da zirga-zirga | Yana kusa | Har gida | Yana son haƙuri |
| Haɗari | Sananne, ana sa ido | Kaɗan ga sanannun ganye, babba ga ƙulli | Ba a san abin da ke ciki ba | Kaɗan ƙwarai |

Wa ya dace da wanne

Budurwar da ba ta wuce shekara biyu da fara al'ada ba, rikicewa a wannan lokaci ba abin tsoro ba ce. A gyara ci da barci, a rubuta kwanaki. Amma duk wadda ta yi kwana 90 ba ta gani ba, kuma ba ciki ba shayarwa, ta je asibiti ko ba ta neman haihuwa, domin shimfiɗar mahaifa na yin kauri in ta daɗe ba ta zuba ba, kuma da shekaru hakan na iya zama daji.

Mai ƙiba da baƙin wuya da gashin haɓa: gwaji sau ɗaya don a tabbatar, sannan gyaran rayuwa ya zama ginshiƙi, metformin in likita ya ga dacewa, hulba ko habbatus sauda a gefe da saninsa.

Ma'auratan da suka shekara babu ciki, ko wata shida in matar ta haura 35: asibiti, su biyun tare, a ajiye duk wani jiƙon da ba a san haɗinsa ba.

Mai kumburin wuya, mai ɗigar nono, da wadda al'ada ba ta dawo ba bayan zubar jinin haihuwa: asibiti kai tsaye, babu ganyen da zai maye gurbin homon ɗin da ya ɓace.

Mai shekara 45 zuwa 55 da ke jin zafi na taso mata da zufar dare, al'ada na ja da baya: yawanci ɗaukewar al'ada ce ke gabatowa. Tufafi marasa nauyi, rage shayi mai ƙarfi da motsa jiki sun ishi da yawa. In abin ya hana barci akwai maganin homon a hannun likita. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa kuwa a duba shi cikin makon.

Abubuwa uku ba sa jiran safiya: jinin da ke jiƙa auduga duk awa tare da jiri, ɓatan wata da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, da ciwon kai mai zuwa da raguwar gani.

Wadda kuɗinta bai kai ta yi komai a lokaci ɗaya ba, ta bi wannan jeri: gwajin ciki, yawan jini da sukari, sai TSH, sai hoton ciki, sai furolaktin. Lemon kwalba da man bilicin ta ajiye su tun yau, kuɗinsu ya tafi ga gwaji na gaba.